Shin yunifom na kare ɗalibi? Tankaɗe da rairayar labarin Long Beach

Masu ganin yunifom shi ne maganin rashin tsaro a makarantun gwamnati suna da wani labari da suka daɗe suna kafa hujja da shi. Wai a wani gari a Amurka an tilasta wa yara kayan makaranta iri ɗaya, laifi ya faɗi warwas, shugaban ƙasa ya mayar da abin doka, masana kuma suka tabbatar. Akwai gaskiya a cikin labarin, akwai kuma ƙarin gishiri, kuma ya kamata iyaye su san inda ɗaya ya tsaya ɗayan ya fara.

Garin gaskiya ne. Long Beach ake kiransa, a jihar Kalifoniya. A 1994 hukumar makarantunsa ta wajabta yunifom ga 'yan firamare da ƙananan sakandare, yara fiye da dubu 58. Bayan shekara guda hukumar ta ce laifuffuka a makarantun sun ragu da kashi 36 cikin ɗari, faɗace-faɗace da kashi 51, shiga da makami da kashi 50. Hukumar ce da kanta ta fitar da alƙaluman, ma'aikatar ilimi ta ƙasar kuma ta buga su.

Dalilin da ya sa aka rungumi abin ma ba ƙage ba ne. A wancan zamanin ƙungiyoyin 'yan daba a yankin Los Angeles suna gane juna da launin tufafi, wasu ja, wasu shuɗi. Yaro zai iya shan duka don kawai ya ratsa wata unguwa da rigar da ba ta dace ba. Ana kuma tare yara a ƙwace musu takalmi ko jaket mai tsada. A irin wannan wuri, farar riga da wando mai duhu ga kowa suna rufe wata ƙofar fitina. Mai gadi kuma yana saurin gane baƙuwar fuska a cikin harabar makaranta. Wannan amfani ne da ban ga dalilin musa shi ba.

Maganar doka kuwa ba ta da tushe. A jawabinsa ga majalisa a watan Janairun 1996, Shugaba Bill Clinton ya goyi bayan a bar makarantu su tilasta yunifom idan hakan zai hana matasa kashe juna a kan tufafi. Ya je Long Beach, ya kuma sa aka raba ɗan littafin jagora ga hukumomin makarantu kimanin dubu 16. Shawara ce, ba umarni ba. A Kalifoniya ma doka ta ba iyaye damar cire ɗansu daga tsarin. Fiye da shekara 20 bayan haka, kusan makaranta ɗaya cikin biyar ce kawai take tilasta yunifom a cikin makarantun gwamnatin Amurka.

Inda labarin ya fi rauni shi ne cewa yunifom ɗin ne ya kawo sauƙin. Lokacin da aka shigo da shi, hukumar tana tsakiyar wasu gyare-gyare na koyarwa da tafiyar da makarantu. Sannan a faɗin Amurka laifuffukan matasa sun kai ƙololuwa wajen 1994 suka fara sauka, har a garuruwan da babu wanda ya sauya wa yaro ko maɓalli. Wanda ya sha magani uku a rana ɗaya, zazzaɓin kuma dama ya kama hanyar sauka, ba zai iya rantsuwa a kan wanne ya warkar da shi ba. Da David Brunsma da Kerry Rockquemore suka bincika bayanan dubban ɗalibai daga sassan ƙasar, suka wallafa sakamakon a 1998, ba su ga yunifom ya rage shaye-shaye ko rashin ɗa'a ko fashin makaranta ba. Wani binciken da Arya Ansari na Jami'ar Jihar Ohio ya jagoranta a kan yara fiye da dubu 6 ya ƙare kusan a wuri ɗaya: halayyar masu yunifom ba ta fi ta marasa shi ba. Wani ɗan bambanci da ya gani shi ne 'ya'yan talakawa sun ɗan rage fashi.

Abin da aka gani a yammacin Kenya ya fi kusa da halinmu. Can an raba wa 'yan firamare yunifom kyauta, sai barin makaranta ya ragu, ɗaukar ciki da wuri a tsakanin 'yan mata ma ya ragu. Sirrin bai wuce an sauke wa iyaye nauyin kuɗin ɗinki ba.

Mu a Najeriya yunifom ba baƙo ba ne, da shi kakanninmu suka yi boko. Amma yaran Kuriga a jihar Kaduna suna filin asambili da safe aka kora su daji a watan Maris na 2024. 'Yan Ƙanƙara a 2020 da 'yan matan Jangebe a 2021 daga ɗakunan kwana aka kwashe su da dare. Ingantaccen tsaro ne aka rasa a waɗannan wurare, ba yunifom ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne korar yara a bakin ƙofa da sunan kiyaye doka. Yaro ya zo da rigar da ta koɗe, aljihu a ɓarke, ko silifas maimakon sandal, sai a ce, "Koma gida ka gaya wa babanka." Ya san ba kuɗin a gida, ya kuma san faɗan da ke jiransa. Sai ya cusa rigar a jaka ya nufi tasha ko bakin kasuwa, ya yini can har a tashi. Uwarsa tana zaton yana aji, malaminsa yana zaton yana gida, awa shida babu babban da ya san inda yake.