Daga motar kara zuwa ƙaramin jirgin ƙasa: Sana'ar hannun da yaran Maƙera ke yar wa idan sun girma

Da zarar an gama girbin dawa a Maƙera da sauran ƙauyukan yankin Dutsin-Ma, kara ya zama na yara. Su ɓare shi, su yayyanka totuwar, su soke da tsinke, kafin la'asar an samu mota. Wanda ya fi wayo ya nemo langa-langa da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya sa doguwar waya ta zama sitiyari.

Za ka ga tirela, ka ga tifa, har da a-kori-kura. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne jirgin ƙasa, kuma dalilin a fili yake: yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Layin dogo bai taɓa ratsa wannan yanki ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma ya bi ta Funtuwa, can kudancin jihar.

A Turai da Amurka, irin wannan wasa bai tsaya ga yara ba. Magidanta har da tsofaffi na keɓe ɗaki guda su shimfiɗa ƙaramin layin dogo, da tasha da gada da tsauni, su yi shekaru suna gyara shi. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da layin wasa mai tsayayyen ma'auni tun 1891, a Landan kuwa an kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa a 1910. A birnin Hambug akwai Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, inda tsawon ƙaramin layin ya haura kilomita 16.

Bambancin da ke tsakanin aikinsu da motar kara ba tsadar kaya ba ce kawai. Awo ne. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, yana rage komai sau 87. Faɗin layin dogo na zamani milimita 1,435 ne; idan aka raba shi gida 87 sai a samu 16.5, kuma shi ne faɗin ƙaramin layin. Mutum mai matsakaicin tsayi zai koma kamar santimita biyu. Kan jirgi da tarago da rumfar mai shayi duk dole su bi wannan lissafi, in ba haka ba ido zai gane nan take. Mai son kwaikwayon tsohon layin Najeriya, wanda faɗinsa milimita 1,067 ne, layi mai milimita 12 zai nema.

Masu farawa sukan ɗauki faifan katako mai ƙafa huɗu da ƙafa takwas, su kewaya shi da layi. A nan ake fara tuntuɓe. Kwana idan ta matse, tarago zai sauka daga layi, shi ya sa ake son faɗin da'irar ya kai kamar ƙafa uku. Hawa ma da ƙa'idarsa: kada ya wuce kamar santimita biyu a kowace mita ɗaya, don ƙaramin jirgi ma tayarsa na sulɓi kamar ta babba.

Wuta ba ita ce matsalar ba, duk da halin da lantarki ke ciki. Yawancin irin waɗannan jirage da bolt 12 suke tafiya, ƙarfin batirin mota ko na sola ke nan. Ƙaramin injin da zai juya taya ana samunsa a cikin mataccen rediyon kaset ko na'urar DVD a shagon mai gyara. Babban abokin gaba shi ne ƙura. Ta cikin ƙarfen layin wutar ke bi ta shiga taya, don haka ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta sa jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga. Maganinta tsumma da murfi, da kuma haƙuri.

Ta fuskar ƙawata wuri kuwa, ɗan Dutsin-Ma ba ya buƙatar hoton wata ƙasa. Dutsen da garin ya samo sunansa na nan, ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa. Tsohuwar jarida da koko na yin dutse, garin katako da aka rina ya zama ciyawa, busasshen reshe ya tsaya a matsayin kuka. Kara kuma, wanda aka fara da shi, shi ne zai yi rumbu da danga.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarun samartaka. Yaro na kaiwa sakandare sai a fara ce masa ya girmi wasan gwangwani, shi ma ya ji kunya ya daina. Alhali a daidai lokacin ne yake koyon kason lissafi da ma'auni a aji, abin da hannunsa ya daɗe yana laluba ba tare da ya san sunansa ba. Ba kowa ke dainawa ba: a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya ja hankalin duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya harhaɗa da tarkacen mota da babur. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, a kusa. Baje kolin ƙere-ƙeren yara sau ɗaya a shekara ba zai ci wani kuɗin a-zo-a-gani ba.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ya karɓi kwangilarsa. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba zai taɓo Maƙera ba, amma daga Dutsin-Ma zuwa Katsina, ta hanyar Kurfi, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota.