Lissafin Da Ke Cikin Kiɗa

Duk wanda ya je biki a Kura ko Bunkure bayan an girbe shinkafa ya san DJ, wato saurayin nan mai tsayawa bayan manyan lasifikoki yana sauya waƙa. Iyayenmu da yawa suna ganin aikinsa danna maɓalli ne kurum da tara hayaniya. Amma akwai lissafi a ciki, shi ne kuwa nake so in bayyana. Zan yi misali da wani kiɗa da ake kira tek-haus. Ko da yake ba kasafai ake jinsa a bukukuwanmu ba, bugunsa a fili yake, ya fi sauƙin ƙirgawa.

Asalin wannan kiɗa daga birnin Landan ne, wajen shekarar 1994. An haɗa kiɗa iri biyu na baƙaƙen fatar Amurka ne, wato haus na birnin Shikago da tekno na birnin Ditroit. A wuraren da ake sa shi, ba a son kiɗa ya tsaya ko na ƙiftawar ido. Saboda haka tilas DJ ya shigo da sabuwar waƙa tun tsohuwar ba ta ƙare ba, su yi tafiya tare na ɗan lokaci. To, a nan aikin yake, kuma abu biyu zai kiyaye.

Na farko shi ne sauri. Ana auna saurin kiɗa da yawan bugun da ke cikin minti ɗaya. Tek-haus yakan yi bugu 120 zuwa 130 a minti, wato biyu ko fiye kaɗan a kowace daƙiƙa. Ku tuna da mata masu lugude a turmi ɗaya. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta sauri, sai taɓare su yi karo. Haka nan idan waƙar da ke ci tana bugu 126, sabuwar kuwa 124, dole DJ ya ƙara wa sabuwar sauri har su daidaita kafin jama'a su ji ta.

Na biyu shi ne gidan murya. Idan mawaƙi ya ɗauko waƙa, a muryarsa 'yan amshi suke karɓa. In wani ya hau sama ko ya yi ƙasa, ko yaro zai ji abin ya ɓaci. Turawa sun kasa muryoyin kiɗa kashi 12, kowace kuma ana iya kafa gida iri biyu a kanta, ɗaya mai fara'a, ɗaya mai ban tausayi. Jimla gida 24 ke nan. Kowane gida muryoyi bakwai yake amfani da su.

Don sauƙaƙa wa DJ, wani mutum mai suna Mark Davis ya tsara gidajen nan kamar fuskar agogo, ana kiran tsarin Camelot. Akwai lamba 1 zuwa 12, kowace da A da B. A ita ce mai ban tausayi, B mai fara'a. Alal misali, in waƙa tana 8A, ana iya haɗa ta da wata 8A, ko 7A, ko 9A, ko 8B. Dalili kuwa, 7A da 9A sun yi tarayya da 8A a muryoyi shida cikin bakwai, ita kuwa 8B duk bakwai ɗin ɗaya ne. Maƙwabci ba ya zama baƙo a gidan maƙwabcinsa.

Wani abin mamaki, sauri da murya a ɗaure suke. Mu 'yan wannan yanki mun san haka daga injin ban ruwa: da an ƙara masa wuta, sai kukansa ya yi sama. Haka faifai yake. In aka ƙara masa sauri da kashi 6 cikin ɗari, wato daga bugu 120 zuwa 127, muryarsa za ta hau mataki ɗaya, waƙar da ke 8A ta koma 3A. Ka ga garin neman gira an rasa ido ke nan. Na'urorin yanzu suna da maɓallin da ke riƙe murya ko an ƙara sauri, amma wanda bai san dalili ba, bai san lokacin danna shi ba.

Kada mu ɗauka wannan ilimi baƙo ne. Mai kalangu yana matsa igiyoyin gangarsa a hammata ya ɗaga murya, ya sassauta ya sauke ta. Makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba su da agogon Camelot, amma kunnensu ya ishe su. Abin tsoro shi ne, yau kwamfuta na gaya wa DJ lambar kowace waƙa, makaɗan gargajiya kuwa ana rage gayyatarsu biki. In muka yi sake, za a wayi gari muna da na'ura, ba mu da kunne.

Shawarata ga 'yan'uwa masu sha'awar wannan sana'a, su riƙe darasin lissafi da kyau, su kuma zauna kusa da tsofaffin makaɗan garinsu su saurara. Allah ya sa mu dace, amin.