Yanar Ido: Abin Da Na Koya Daga Ciwon Mahaifina

Mahaifina ya fi shekara talatin yana harkar shanu a kara ta Oko-Oba da ke Agege. Mutum ne da zai hango sa daga nesa ya faɗa maka kuɗinsa. Bara sai muka lura ya fara shafa dabba da hannu kafin ya yi tayi, yana kuma miƙo min kuɗi wai in ƙirga masa. Da na matsa, sai ya ce, "Kai yaro, gari nake gani kamar an yi hazo, da dare kuma fitilar mota kashe min ido take."

A asibiti aka ce yanar ido ce. Ga yadda likita ya fahimtar da mu. A cikin ido, bayan baƙin nan, akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda haske ke ratsawa. Idan shekaru suka ja, sai ya fara dishewa har ya koma fari. Wannan ita ce yana. Ba a saman ido take ba, balle a goge ta, kuma babu maganin ɗigawa ko kwalli da ke narkar da ita. Bayan tsufa, ciwon suga, shan taba, buguwa a ido, yawan zama cikin rana da ɗiga magani mai sitiroyid ba da umarnin likita ba, duk suna saurin kawo ta. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 43 cikin 100 na makanta a 'yan shekara 40 zuwa sama, yana ce sanadi.

Wasu abokan Baba sun ce ya bari sai ya je gida da Sallah, akwai mai cirewa da allura. Jama'a, a kiyayi wannan. Ba cire ta yake ba, tura madubin yake ya faɗa can cikin ido. Mutum kan ga haske na ɗan lokaci, daga baya kumburi ko ƙwayoyin cuta su gama da idon.

Aikin asibiti kuwa bai kai awa ɗaya ba. Sai da aka tabbatar sugansa da hawan jininsa sun daidaita, aka kashe zafin wurin, yana farke aka cire madubin da ya dishe aka sa na roba. Washegari da aka buɗe bandeji, ni ya fara kalla ya ce, "Ashe ka rame haka?" Ya yi makonni yana ɗiga magani, an hana shi ƙurar kara da murza ido.

Mu da ke kudu ba sai mun jira tafiya Arewa ba. Akwai sashen ido a LUTH a Legas, da UCH a Ibadan, da Guinness Eye Centre a Onitsha. Duk wanda ya haura arba'in, musamman mai suga, ya je a duba shi ko ba ya jin komai, domin hawan jinin ido shi ba ya sallama, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Masu yini a rana su riƙa sa malafa ko tabarau. In ido ya yi ja da zafi, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, wannan ba yana ba ce, a tafi asibiti a ranar.

Dattawanmu ba sa son faɗin ciwo. Mu 'ya'ya mu ne za mu lura, mu kuma ne za mu kama hannunsu. Allah Ya ƙara mana lafiya.