Daga Ƙofar Mazugal Zuwa Andiromeda

Tsakanin ɗaukewar damina da saukar hazon hunturu, sararin Kano kan yi garau na 'yan makonni. A wannan ɗan tsakanin na watan Oktoba ne mai ƙaramin madubin hangen nesa ya fi samun damar ganin Andiromeda, wani gungun taurari da haskensa ke shafe shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso duniya.

Wajen ƙarfe 11 na dare, bayan Kaza da 'ya'yanta sun taso daga gabas, Andiromeda kan kasance can sama ta arewa. Wanda ya hau soro a Ƙofar Mazugal, dab da Dutsen Dala, ba tazara ce babbar matsalarsa ba. Fitilun titi da na shaguna da ƙurar ababen hawa ne ke dusashe sararin. Shi ya sa ake jiran ƙarshen wata, lokacin da babu farin wata, ko kuma a fita bayan gari.

Ƙwayar idon mutum ba ta buɗewa fiye da kimanin milimita 7 a duhu. Madubi mai faɗin milimita 100 kuwa yana tara haske ninki 200 na haka. Duk da haka sai an yi haƙuri: ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya mayar da aikin baya. Masu kallon taurari ba sa ƙura wa Andiromeda ido kai tsaye, sukan ɗan kauda shi gefe, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni.

Abin da ke bayyana ba irin hotunan intanet masu launi ba ne. Wani ɗan fari-fari ne mai siffar ƙwai, wato tsakiyar gungun kaɗai.

Haka malamin falaki Abdurrahman as-Sufi ya ga Andiromeda da idonsa kawai, ya siffanta ta da ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Sai a 1923 Edwin Hubble, da madubi mai inci 100 a Dutsen Wilson na Amurka, ya gano tauraron da ya nuna cewa gajimaren nan yana waje da gungun da ranarmu ke ciki.

Makarantar da ta mallaki madubi ɗaya tak za ta iya nuna wa ɗalibanta wannan, muddin ta tsara fitar kafin hazo ya sauko a Nuwamba.