Ƙofa Talatin Cikin Yini Guda

A tsakiyar ƙasar Ingila, tsakanin birnin Wusta da birnin Bamingham, akwai wata hanyar ruwa wadda ba kogi ba ce, ba kuwa ƙorama ba. Mutane ne suka haƙa ta da diga da shebur, aka gama ta cikin shekarar 1815, tsawonta wajen mil 30. Irinta Turawa ke kira kanal. Kusa da wani ƙauye wai shi Tardebigge hanyar nan ta ci karo da tudu mai tsayin ƙafa 220. To, ruwa dai ba ya hawan tudu, wannan ko yaro ya sani. Amma jirgi yana hawa, ga kuwa yadda akan yi.

Cikin watan Oktoba, watau kakarsu, gari kan waye da hazo kwance bisa ruwa, ganyen itatuwa ya yi ja ya soma zuba. Mai jirgi ya hura murhu, ya sha shayi, kana ya kwance igiya. Jirgin nan siriri ne ƙwarai: fāɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, alhali tsawonsa kan kai ƙafa 70. Ciki akwai gado da madafa da wurin zama, sai ka ce zaure ne aka miƙar. Doka ba ta yarda ya wuce mil 4 cikin sa'a guda ba, don kada igiyar ruwa ta cinye gaɓa. Mai tafiya ƙasa in ya ɗaga ƙafa sai ya tsere masa.

A gindin tudu sai a iske ɗakin ruwa na fari. Wani rami ne ginanne da tubali, daidai jirgi guda, da ƙofar katako gaba da baya. Mutum ɗaya ya tsaya wajen tuƙi, ɗaya ya sauka gaɓa riƙe da wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar hannun tayar da mota. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. Sa'an nan a murɗa ƙarfen nan, 'yan tagogi su buɗe, ruwan bisa ya kwararo cikin ɗaki, jirgi ya yi ta ɗagowa sannu sannu. Muddin ruwan ciki bai daidaita da na gaba ba, ko ƙarti goma ba su iya ture ƙofar gaba. Da ya daidaita kuwa, mace guda ta jingina baya ga gungumen sai ta buɗe. Irin ɗakunan nan 30 ne jere cikin mil biyu da 'yan kai, babu jerin da ya kai shi yawa duk ƙasar. Aikin sa'a 4 ne ko fiye.

Fatake su dubi lissafin nan da kyau, don ruwa shi ne jarin hanyar. Duk sa'ad da aka cika ɗaki aka zubar, galan fiye da 20,000 ya gangara ke nan, ba shi komowa. Saboda haka aka haƙa tafki kusa da ƙwanƙolin tudun, aka kuma kafa ladabi: wanda ya iske ɗaki a shirye domin jirgin da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren, sai ya dakata masa, ɗaya ya fita ɗaya ya shiga da ruwa guda. Mai gaggawar da ya ƙi jira, ko ya bar taga buɗe, lalle ya cuci na bayansa. Ba kuwa wasa ba ne: a shekarar 2018, da kuma 2022, fari ya sa aka rufe wani yanki na kanal ɗin da ke tsakanin Lidis da Libaful.

Asalin abin duk neman riba ne. Cikin 1761 wani basarake, Duke na Bridgewater, ya buɗe kanal daga ramukan kwal nasa zuwa Manchesta, kuɗin kwal a birnin ya faɗi da wajen rabi. Doki guda yana tafe bisa gaɓa sai ya ja tan 25 a ruwa, kayan da dawaki 100 ba su ɗauka a baya. Hanyar Tardebigge ta yi dakon kwal da gishiri, daga baya har da kayan cakulan na kamfanin Cadbury. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, masu jirage suka rasa na hayar gida, suka kwashe mata da 'ya'ya suka koma cikin ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. Sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa makonni da yawa, ya kusa ƙarasa abin da ya saura na cinikin.

Bayan azahar wahalar kaka ta taso. Ganyen da ya zuba kan naɗe farfela, inji yana ta ƙugi jirgi ba ya gaba, sai an juya shi baya kaɗan ya kakkaɓe. Katakon ƙofa kuma ya yi santsi, mai tsallaka shi tilas ya taka da hankali. Ɗaki na ƙarshe ya fi sauran zurfi, ƙafa 11.

Nan bisa tudun ne, cikin 1945, wani marubuci, Tom Rolt, wanda ke zaune cikin jirginsa, ya sadu da Robert Aickman, suka ƙulla shawarar ceto hanyoyin nan da ake bari suna cikewa da laka. A 1946 aka kafa jam'iyyarsu. Tun 2012 wata ƙungiyar amana ke riƙe da wajen mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, masu bin su kuwa galibi 'yan hutu ne da waɗanda suka mai da jirgi gida.

Kafin almuru mai jirgi ya ɗaure igiya, hannu ya yi kanta, ya ƙara itace a murhu. Da shigar Nuwamba ma'aikata za su soma rufe ɗakuna nan da can, su kwashe ruwa, su sake ƙofofin da suka ruɓe kafin bazara.