Farar Shadda, Baƙar Fata da Ma'aunin Haske

Duk wanda ya saba duba hotunan ɗaurin aure ko na gaisuwar Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau Suleja ya san wani aibi da ke yawan fitowa: farar shaddar ango ta koma ruwan toka, fuskarsa kuma ta dusashe har ba a gane kamanninsa. Wasu kan ɗora laifin a kan fatarmu, alhali matsalar tana wajen awo ne. Ma'aunin da ke cikin kyamara hasken da ya dawo daga jikin abu yake aunawa, kuma an gina shi bisa zaton cewa abin da ke gabansa ruwan toka ne tsaka-tsaki, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Farar shadda tana mayar da ninkin-ba-ninkin haka, sai kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, fuska ta tafi cikin duhu. In aka sa mata baƙar tukunya irin ta Ladi Kwali, sai ta ƙara hasken har baƙin ya koɗe.

Ma'aunin haske na hannu ya kauce wa wannan tarko. Yana da farin ƙoƙo a kansa. Mai hoto zai riƙe shi kusa da fuskar mutum, ƙoƙon na kallon kyamara, sai ya auna hasken da ke sauka, ba ruwansa da launin riga ko na fata. Tun 1932 kamfanin Weston na Amurka ya fito da ma'aunin hannu mai aiki da lantarki, yau kuma Sekonic na Japan da Gossen na Jamus ne suka yi fice. Amfaninsa ya fi bayyana wajen filasha, wadda walƙiyarta kan ƙare cikin kusan kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Hasken filasha yana raguwa da sauri: in aka matsar da ita daga mita 2 zuwa mita 4, rubu'in hasken kaɗai ke isa ga amarya. Ma'aunin yana kama walƙiyar ya faɗi lambar da za a saita gilashin kyamara a kai, wasu ma suna nuna kason filasha da kason hasken ɗaki.

Akwai masu cewa kyamarar zamani ta sa wannan na'ura ta zama tarihi, tunda ana ganin hoto nan take. To amma allon kyamara yana ruɗin ido a tsakar rana, kuma aikin da ke jikin babbar riga in ya ƙone da haske, babu kwamfutar da za ta dawo da shi, ga shi ba a maimaita ɗaurin aure don mai hoto ya gyara. Filashar da ke saita kanta ma hasken da ya dawo take aunawa, don haka shaddar da ta ruɗi kyamara ita ma za ta ruɗe ta. Maganar tsada kuwa gaskiya ce, domin da dala ake shigo da shi, kuma mai ɗaukar hoton Dutsen Zuma daga nesa zai iya aikinsa ba tare da shi ba. Amma masu shagon hoto da fuskokin mutane ne abincinsu, ko da su uku ne su haɗa kuɗi su sayi guda, ba su yi asara ba.

A shekarun 1950 kamfanin Kodak da hoton Baturiya yake daidaita launin hotuna, baƙar fata kuwa ta daɗe tana shan wahalar wannan mizani. Mai hoto a Suleja yana da hanyar fitar da fuskar mutanensa yadda Allah ya halicce ta, kuma hakkin wanda ya biya shi ne ya auna kafin ya danna.