AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tsohuwar Golf Mai Injekta Tana Shan Mai, Ko A Mayar Da Ita Kafireta?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraro da ke fataucin hatsi tsakanin kasuwannin ƙauye da kasuwar Dandume a Jihar Katsina. Ya ce yana da tsohuwar Golf 3 mai injekta. Kwanan nan ta fara shan mai fiye da kima, tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma in ta tsaya a silo sai ƙararta ta riƙa hawa tana sauka. Bakanikensa ya ba shi shawara a cire injektar a sa kafireta kowa ya huta. Shi ne yake tambaya, ya yarda ko kada ya yarda?

To Malam, mun gode da wasiƙa. A gaskiya kada ka yi hanzarin yarda tukuna.

Kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus ya fara fitar da Golf 3 a 1991, don haka wadda ke hannunka ta kai shekara 30 ko kusa da haka. Da yawa daga waɗanda suka shigo mana masu injin lita 1.8 ne, masu tsarin da kamfanin Bosch ya ƙera mai suna Mono-Motronic. In ka buɗe bonet za ka ga wani abu a kan injin kamar kafireta, amma ba ita ba ce. Nozul guda ɗaya ne a ciki, yana fesa wa silinda huɗu mai. Kai da ka san famfon feshin gona, abin haka yake: famfon da ke cikin tanki ya turo fetur, nozul ya watsa shi kamar hazo. Wanda ke cewa a fesa kaza, a rage kaza, shi ne ɗan akwatin nan da kanikawa ke kira birenbos. Aikinsa ya haɗa awo ɗaya na fetur da awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi.

Shi kuwa wannan akwati makaho ne, ba ya ganin injin. Da 'yan aike yake aiki, wato sensa-sensa: ɗaya ya gaya masa zafin ruwa, ɗaya ya gaya masa yadda ka taka totur, ɗaya ya shinshina hayaƙin salansa ya kai rahoto. In ɗan aike ya kawo ƙarya, akwatin zai yi hukunci a kan ƙarya. Saboda haka a wannan mota babu wani sukuru da za a murɗa mai ya ragu kamar yadda ake yi wa kafireta. Bakaniken da ya shiga murɗe-murɗe a wurin, ɓata saitin kamfani kawai yake yi.

Mu fara da wanda ya fi yawan laifi a ƙasarmu. Tambayi bakanikenka, an cire tamostat? Wani ɗan ƙarfe ne da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya wuce digiri 80. Akasarin motocin da suka shigo daga Turai, da isowarsu ake cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. To injin nan an ƙera shi ne ya yi aiki allurar zafi tana kan 90. In ba tamostat, musamman da asubar hunturu lokacin da ka ɗauki hanyar kasuwa, ruwan ba ya yin zafin da ya kamata. Akwatin sai ya ɗauka har yanzu ana ɗumama injin ne, ya yi ta ƙara mai tun daga gida har kasuwa. Kamar mai tafiya da kafireta ce ya manta ya ja cok. Ga baƙin hayaƙi, ga filogi ya yi baƙi ƙirin, ga fetur yana gangarawa yana tsinka baƙin mai. In motar tana zafi ne ya sa aka cire, a wanke lagireto, a duba makunnin fanka da murfin ruwa, sannan a mayar da tamostat mazauninsa.

In tamostat yana nan, sai a koma kan sensan zafin ruwa. Yana jikin wata mahaɗar roba a gefen kan injin, inda tiyon ruwa ya fito. Mai wayarin zai iya auna shi da mita cikin minti biyar. In injin ya kwana, a sanyin digiri 20, ya kamata ya nuna wajen om 2,500. In ya yi zafi ya kai digiri 80, sai ya sauko wajen om 300. In injin ya yi zafi amma mita tana nan a dubbai, to ga maƙaryacin nan an kama. Kuɗinsa bai kai na cika tanki ɗaya ba. A kuma duba soket ɗinsa, don sau da yawa sensan lafiyarsa lau, tsatsa ce ta ci bakin wayar.

Batun silo mai hawa da sauka kuwa, akwai gwajin da kai da kanka za ka iya. A ƙarƙashin gidan nozul ɗin akwai wata roba mai kauri da ta haɗa shi da injin. Zafi da tsufa da gargadar hanyoyinmu suna tsaga ta, iska ta riƙa satar hanya tana shiga ba da sanin akwatin ba. Ka tayar da mota, ka ja birkin hannu, ka kama gidan nozul ɗin ka ɗan girgiza shi a hankali, kana kula da fanka da bel kada su kama hannun riga. In ƙarar injin ta canza, robar ta tsage. A sa sabuwa, kada a liƙe da gam. Haka nan a bi ƙananan tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya.

Sai sensan salansa. Yana ba da wuta kaɗan, tana wasa tsakanin bolt 0.1 da 0.9 in injin ya yi zafi. Masu walda kan yanke wayarsa in suna gyaran salansa, wasu ma su toshe ramin da noti. Motar za ta ci gaba da tafiya, shi ya sa ba a damuwa, amma aljihunka ne ke biya.

Akwai kuma ranar da za ta ƙi tashi ɗungurungum. Kafin ka kashe batir da kiki, murɗa makulli zuwa inda fitilun gaba ke kamawa, ka kasa kunne ta baya wajen tanki. Ya kamata ka ji ɗan gurnanin famfo na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In shiru, a duba fis da rile kafin a ce famfo ya mutu. A nan ma muna da jan kunne. Famfon a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Al'adar nan ta zuba galan ɗaya a yi ta lallaɓawa allura tana kan ja, ita ke ƙona shi. Man jarka na 'yan bumburutu kuma, in dole ta sa ka saya a ƙauye, ka tace da ƙyalle mai tsabta, domin ramin nozul ƙanƙane ne ƙwarai. Filtar mai tana ƙarƙashin mota kusa da tanki, an fi mantawa da ita. Ta iska kuma, a watannin ƙura, ka riƙa cirewa kana kakkaɓewa duk mako.

In duk wannan bai gano matsalar ba, akwai soket a gaban motar da ake jona na'urar bincike, akwatin ya faɗi wane ɗan aike ne ya daina kawo masa labari. A Funtua ko Zariya ba za ka rasa mai ita ba. Ka je da kanka a karanta a gabanka.

Yanzu mu dawo kan kafireta. Ba mu ce bakanikenka mugu ba ne. Ita ya koya, ita ya iya, kuma gaskiya ne in ta lalace a daji ana iya kwance ta a gindin bishiya a hure ta. Amma ka san abin da za ka saya. Famfon wannan mota yana turo mai da ƙarfin kusan ba 1, kafireta kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na haka take so. In ba a canza famfo ko an rage ƙarfin ba, mai zai yi ambaliya a kan injin mai zafi, kuma ta haka motoci ke kamawa da wuta. Sannan a wannan tsari akwatin ne ke saita lokacin ba filogi wuta, saboda haka distibuta ma sai an sake. Bayan duk wannan kashe kuɗi, tsohuwar kafireta ba za ta riƙa gyara awon mai da kanta a kan hanya ba kamar yadda akwatin ke yi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ɗaya ko biyu da za ta ƙara sha a kowace tafiya, daga ribar buhun masararka za a cire. Ka ce wa bakanike ya fara da tamostat da sensan ruwa da robar nan, ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, ka yi kasuwa biyu, sannan ka sake cikawa ka ga lita nawa ta ci.